Bangon Gabas na Ɗakin Goron Iya

Jikata ta shiga jami'a bara, wai ita ma zanen gine-gine za ta karanta irin na kakanta. Da ta zo hutu nan unguwar Albarika a Paraku sai ta baza ordinatarta, wato kwamfuta, a kan tabarmata, ta ce in zo in ga bene mai hawa huɗu da ta gina tsakanin azahar da la'asar. Na gani kuwa. Ta juya shi da ɗan yatsa, ta cire masa rufi ta mayar, ta sa rana ta fito ta faɗi a kansa ina zaune. Wallahi abin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shirun, don ko ƙas ban ji ba. Mu a zamaninmu zane yana da ƙara. In ka shiga babban ɗakin zane na jami'armu, can kudu a bakin teku, tun daga ƙofa za ka ji dogon katakon jan layi yana gogar gefen tebur, ka ji wani yana hura tawada don ta bushe, ka ji reza tana kankare takarda ƙyas, ƙyas, ƙyas, kowa ya san ke nan wani ya tafka kuskure. Takardar kalke muke zane a kanta, wata shara-shara da kake hango tafin hannunka ta bayanta. Ɗigon gumi ɗaya ya ishe ta ta kumbura, aikin mako guda ya tashi a banza, shi ya sa muke ɗaure goshi da tsumma kamar masu dakan sakwara.

Ni ɗan Jugu ne, gidanmu gidan goro ne tun kakannin kakanni da suka sauke kaya a can suka ƙi tashi. Ban taɓa ganin gini da ya wuce hawa biyu ba sai da na ci jarrabawar gama lise, wato sakandare. Taksi ta kawo ni Paraku, daga nan na shiga jirgin ƙasa, wannan da yaran yanzu ba su san daɗin barci a cikinsa ba. Yini guda yana nishi yana tsayawa, mata suna miƙo doya da abarba ta taga. Da na sauka na ga teku, na ga benaye tsaye kusa da shi ba ko tsoro, sai na ajiye akwatina na riƙe baki. Wani mai keke ya daka mini tsawa in ba shi hanya. Ranar na san ni baƙauye ne.

Malamin da ya fi kama zuciyata wani dogon tsoho ne ɗan kudu, ba ya dariya, ba ya ɗaga murya, Misye kawai muke ce masa. Ranar farko ya ja layi ɗaya a allo ya ce, wannan bango ne, a bayansa akwai mutum yana barci, in kun karkatar da shi a kansa zai faɗo. Daga nan ya nuna mana yadda ake yanka gini a takarda, a raba shi biyu kamar yadda ake ɓare goro, a ga kaurin bango da zurfin tushe da abin da ke riƙe da rufi. Kai! Na fita daga ajin nan ina kallon kowane gida kamar ina ganin hanjinsa. Har yau abin yana ba ni mamaki, a ce mutum ya zauna da fensir ya san nauyin da ginshiƙi zai ɗauka tun kafin a haƙa rami. Na ce a raina wannan ilmi ba na wasa ba ne, kuma ga shi an ba ni.

To, ilmin shekara biyu mugun abu ne, ya isa ya kumbura maka kai, bai isa ya sa ka yi shiru ba. Da na dawo Jugu dogon hutu na shekara ta biyu, komai na gidanmu ya zama karkatacce a idona. Wanda ya fi ba ni kunya ɗakin goro ne. Ɗakin ƙasa ne guntu a kusurwar gabas ta gidan, rufinsa azara da laka, an ɗora masa hular ciyawa saboda ruwan Jugu ba ya wasa. Sai ka sunkuya za ka shiga. Ba taga, sai 'yan kafofin iska uku. A ciki duhu ne da sanyi da ƙamshin ganyen fita, wanda ake naɗe goro da shi. Mai mulkin ɗakin ita ce Iya, mahaifiyar Baba. Duk bayan kwana kaɗan takan kwance huhun goro ɗaya bayan ɗaya, ta fitar da wanda sankara ta taɓa, ta sauya ganye, ta yayyafa ruwa, ta ɗaure. Idonta ya riga ya yi rauni, da yatsa take gane goro mai ciwo. In kana tsakar gida za ka ji ƙarar faɗawarsa cikin ƙwarya, tas, tas, tana yi tana gunaguni da yaren Dendi. Ita ta raine ni, domin mahaifiyata ta rasu ban kai yaye ba, ko hotonta babu a gidan.

A hutun nan na zana wa Baba sabuwar mangaza, wato ɗakin ajiya, a madadin ɗakin. Bulo da siminti, rufin kwano, manyan tagogi biyu, ƙofar ƙarfe da kurar kaya za ta iya shiga. Layukan nan tsaf, har inuwa na yi musu. Ba wanda ya sa ni, rawar kai ce kawai. Baba ya shimfiɗa takardar a zaure ya daɗe yana kallo, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, sannan ya naɗe ta ya sa a hammata. Mako guda ba ta sauka daga hammatar nan ba. Ya kai ta ƙofar masallaci, ya kai ta rumfar mahauta, ya nuna wa dillalan shanu da ke zuwa daga Paraku, har wani Bafulatani da ya zo sayen goron suna bai tsira ba. “Ɗana ne ya zana,” yake cewa, “arshitek ne.” Aka yanke magana: in damina mai zuwa ta wuce, goron bara ya ƙare, za a rushe ɗakin Iya a tayar da nawa. Iya da ta ji sai ta ce, “Maigidana ya yi ilmi, zai kore ni daga ɗakina.” Haka take kirana, wasan kaka da jika. Na yi dariya na ce zan saka mata lantarki.

A shekara ta uku Misye ya ba mu aikin da ake kira relebe. Kowa ya je garinsu a hutun Paska, wato Ista, ya sami tsohon gini ya auna shi ciki da waje, ya zana shi yadda yake tsaye. Ya ɗaga yatsa ya ce, “Kada wanda ya gyara mini gini a takarda. In awonku ya ƙi haɗuwa, ba ginin ne ya yi ƙarya ba. Ku koma ku tambaye shi.” Na zaɓi ɗakin goro don kawai yana tsakar gidanmu, ba sai na roƙi kowa ba. Na iso Jugu cikin tsakiyar bazara, na tarar da bulo an jera shi a ƙofar gida har ya kai ƙirjina.

Na fara awo da safe, da metir ɗina na ƙarfe mai naɗewa. Na auna waje, na shiga na auna ciki, na cire wannan daga wancan don in sami kaurin bango. Na kudu da na arewa suka fito daidai, kamu guda kowanne. Na gabas ya ba ni abin da ya haura biyu. Na ce na yi kuskure, na sake. Haka. Na sake na uku, gumi yana zuba a idona, har na fara zargin metir ɗin. Iya tana zaune a bakin ƙofa da ƙwaryarta a cinya.

“Maigida, ɗakin yana gudu ne kake ta binsa da igiya?”

“Iya, wanda ya gina bangon nan bai san aiki ba. Gefe ɗaya ya tara ƙasa kamar ganuwa.”

“Kakanka ya sa aka gina, kuma duk huɗun kai ɗaya suka tashi. Ina amarya a lokacin, ni na ɗebo ruwan.”

“To ina wannan ƙarin ya fito?”

Ta ajiye ƙwaryar ta ce in ba ta hannu. Muka zaga bayan ɗakin. A jikin bangon gabas akwai kafar iska ɗaya daidai ƙugu, an toshe ta da tsingaro saboda ɓera. Ta zare shi, ta ce in zura hannuna. Na zura har kafaɗa, yatsuna ba su leƙa ciki ba. Sai ta ciro 'yar wuƙarta ta goro ta kankare gefen kafar a hankali, ta guntsi ruwa daga buta ta fesa a wurin. Ikon Allah! Ƙasar nan da nake gani abu ɗaya sai ta rabu layi-layi, ja da baƙi-baƙi da ruwan toka, kowanne kaurin ɗan yatsa ko ƙasa da haka, a jere daga ciki har waje kamar ɓawon albasa.

Na san ana yaɓe a gidanmu, ina yaro ina gani, amma ban taɓa sa shi a cikin lissafi ba. A ƙasar Hausa an ce maza ke yaɓe. Mu a Jugu al'adar maƙwabtanmu Yom muka ɗauka, aikin mata ne. Duk shekara in hadari ya fara taruwa, matan gida kan kwaɓa ƙasa da kashin shanu da makuba, wato jiƙaƙƙen ɓawon ɗorawa, su shafe bangon da ruwa ke duka. Ruwanmu kuwa daga gabas yake tasowa da iskarsa. Sauran bangayen suna laɓe da wasu ɗakuna, sai a yi shekaru ba a taɓa su ba. Na gabas shi kaɗai yake samun sabuwar riga kowace shekara, kuma Iya ba ta taɓa yarda a kankare tsohuwar ba.

Ta sa yatsa a can ciki ta fara janyowa waje, ba ta ko kallo. “Wannan na farko nawa ne da uwar mijina, ita ta koya mini. Wannan ja wur ɗin shekarar da ramin bayan gari ya cika da ruwa, sai daga Bariyenu aka kawo mana ƙasa a jaki. Nan babanka yana goye a bayana. Ka ji wannan mai santsi? Ruwan man kaɗe muka sa, makuba ta yi wuya.” Yatsan ya ci gaba. Ya tsaya a wani siriri kamar zare. “Shekarar da kakanka ya rasu. Ba wanda ke da zuciyar aiki, hannu kawai muka shafa don kada a ce an tsallake.” Ina durƙushe a gefenta, fensir ya faɗi ban ɗauka ba. Shekara uku ina koyon yanka gini a takarda, ga tsohuwa da ba ta san baƙi ba ta yanka mini nata da wuƙar goro, tana karanta mini shi shekara bayan shekara. Wallahi tsoro ne ya kama ni, irin wanda ke kama mutum in ya gane ya daɗe yana surutu a gaban babba bai sani ba.

Can ta kama yatsana ta ɗora a kan wasu layuka uku masu kauri, kusa da juna, har da 'yan tsakuwoyi a ciki. “Waɗannan na uwarka ne. Ba ta da haƙurin tankaɗe ƙasa, ga ta da nauyin hannu. Na yi faɗa har na gaji. Na ukun nan da cikinka ta yi shi, na ce ta zauna ta ƙi.” Ta saki hannuna. “Daga shi sai nawa kuma.”

Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba. Ban san fuskar matar nan ba, ban san muryarta ba, amma ga tsakuwar da ta ƙi tankaɗewa tana sukar ɗan yatsana. Na yi kuka, kukan ƙato, ban ji kunya ba. Iya ta koma wajen goronta ta bar ni.

Bayan la'asar na sami Baba a zaure na durƙusa. Na ce masa zanena kuskure ne. Na yi masa bayani irin na makaranta, cewa kaurin nan shi ke hana zafin rana shiga, shi ya sa goronmu ke kaiwa wata da watanni bai yanƙwane ba, kwano da taga kuwa gasa shi za su yi. Yana jin wannan yana murmushi, wai yaro yana tawali'u. Sai na gaya masa maganar layuka ukun. Murmushin ya ɗauke. Ashe bai sani ba, maza ba sa zagawa bayan ɗaki ranar yaɓe. Ya tashi ya zaga. Ina hango shi ya sunkuya ya zura hannu, ya daɗe a haka. Da ya dawo sai ya zauna yana goge yatsunsa da gefen riga.

“Baba, a fasa. A sa bulon a wani aikin.”

“Wa ya rage a garin nan da bai ga takardarka ba?”

Na sunkuyar da kai, ya ci gaba.

“Liman ya sa mata albarka. Mutum biyu sun ce in ka gama kai za ka zana musu gida. In na fasa me zan ce? In ce zanen ɗana bai yi ba? Ka fito da sunan wanda ubansa ma ya ƙi aikinsa?” Ya girgiza kai. “Ita ta riga ta tafi, Allah ya jiƙanta. Kai ne kake da gaba. Ba zan zubar da kai don bango ba.”

Na roƙe shi, na ce ni na yarda a ce ban iya ba. Ya ce ba ni zan zauna a ƙofar masallaci ba. Mutanen da can haka suke, in sun faɗi magana a gaban jama'a ta zauna, ba kamar yanzu da mutum zai ce fari da safe ya ce baƙi da rana ya hau babur ya wuce ba. Na ji haushinsa shekaru da yawa. Sai da na haifi nawa na gane son da yake mini ne ya hana shi jin maganata.

Ana gobe zan koma, tun da hantsi na ji ƙarar fartanya da ƙaurin makuba. Na fito na tarar Iya ta tara matan gida, sun kwaɓa ƙasa a bayan ɗakin. Na ce, “Iya, me ye amfanin? Bayan damina za a rushe shi.” Ta ce, “To daminar fa, tsirara zai yi ta? Cire agogon nan ka zo.” Matan suka fashe da dariya, wai yau namiji zai yi yaɓe, arshitek ma kuwa. Iya ba ta yi dariya ba. Ta ɗebo laka ta danna mini a tafin hannu, sanyi ƙalau, ta ce, “Kai ka ɗauke masa shekarun gaba. Ka ba shi ta bana.” Na yi yaɓe har azahar. Tana bina a baya da tafinta tana lallashe inda na bar tudu, tana cewa nauyin hannun nan ta san inda na gado shi.

An rushe ɗakin bayan damina, ban je ba. Mangazata ta tashi tsaf yadda na zana, kuma ta yi wa goro abin da na faɗa. Iya ta kwashe huhunanta ta tura ƙarƙashin gadonta, ba ta taɓa yi mini gori ba har ta bar duniya. Daga baya aka mai da mangazar wurin ajiye siminti, shi kam ta dace da shi. Na yi gine-gine da yawa tun daga nan, a Paraku da Jugu har Onkulu, wasu mutane suna yabawa. Amma zanen da na fi yi da tsoron Allah shi ne na relebe ɗin nan. Mako uku na yi ina jan layukan bangon gabas da alƙalami mafi siriri, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kaurinsa, kuma reza ba ta taɓa takardar ba.

Ranar da muka miƙa aikin, tun ɗakin yana tsaye, Misye yana bin tebur-tebur yadda ya saba, ya duba ya wuce. Da ya zo nawa sai ya tsaya. Ya sunkuya ya bi layukan da bakin fensir yana ƙirgawa a hankali, ya tambaye ni mene ne wannan. Na gaya masa, har da na mahaifiyata. Ya cire tabarau. Ya kira ajin gaba ɗaya suka kewaye teburina, ya ce su duba da kyau, shi ya je ƙasashe ya ga manyan gine-gine amma bai taɓa ganin bangon da aka yi shekara arba'in ana gina shi ba a gama ba. Ya ce a dogon hutu zai hau jirgi har Paraku, in kai shi Jugu ya sa hannunsa a kafar nan.

Na ce, “Sai dai ka yi sauri, Misye. Bayan damina za a rushe shi, an zana mangazar siminti a wurin.”

Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya buga teburin har kwalbar tawada ta yi tsalle. “Wane jahili ne ya zana?”

Kowa yana jiran suna. Na miƙe tsaye na ce, “Ni ne, Misye.”